Alhakin Kamfanonin Waya Ranar Hadari Da Ranar Da Wuta Ta Ɗauke

Jawabi ga jama'ar Kanya da kewayenta, a ƙasar Zuru

Wannan jawabi magana ce a kan wayar hannu, da dalilin da ya sa ta kan yi shiru daidai lokacin da aka fi bukatarta, watau sa'ad da hadari ya taso ko wutar lantarki ta ɗauke, da kuma wanda alhakin wannan shiru ya rataya a wuyansa.

Kowa ya san yadda abin ya kan faru. Hadari ya haɗo daga gabas da la'asar, iska ta taso ta yaye kwanon ɗaki, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Cikin dare bango ya faɗa wa yaro, ko kuwa naƙuda ta kama mace ta zo da gardama. Mai gida ya ɗauki waya domin ya kira mai mota daga Ribah, sai ya tarar ba sabis. Ya fita cikin ruwa ya hau tudu, ya ɗaga wayar sama, ya juya gabas ya juya yamma, shiru. Da gari ya waye sai a ce ikon Allah. To, hadari kam ikon Allah ne, ba mai ja da wannan. Amma shirin da a ke yi domin hadari aikin mutum ne. Manomin da ya bar rumbunsa ba jinka har ruwan fari ya sauka, in hatsinsa ya ruɓe ba ya ɗora wa damina laifi. Haka al'amarin kamfanin waya ya ke.

WAYA A DA DA YANZU

Dattawa za su tuna zamanin da in mutum yana da saƙon gaggawa sai ya tafi gidan waya a buga masa tangaraho, a ƙirga masa kalmomi ya biya. A 1985 aka kafa kamfanin NITEL na Gwamnati, amma har zuwa shekara ta 2000 layukan tarho na Nijeriya duka ba su kai rabin miliyan ba, alhali kuwa mutanen ƙasar sun haura miliyan 100. A watan Janairu 2001 ba a san wayar hannu a karkara ba ko kaɗan. Cikin wannan wata ne Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, wadda a ke kira NCC, ta yi gwanjon lasin, kowane kamfanin da ya samu ya biya dala miliyan 285. MTN da Econet, wanda yanzu shi ne Airtel, suka fara aiki a watan Agusta na shekarar. Glo ya biyo baya a 2003, sa'an nan Etisalat a 2008, wanda daga baya ya koma 9mobile. Yau layukan da ke aiki sun wuce miliyan 150.

Cikin waɗannan shekaru waya ta tashi daga abin ƙawa ta zama abin da rayuwa ta jingina a kansa. Da ita manomi ya ke jin farashin dawa da masara a kasuwar Bena ko ta Zuru kafin ya ɗauki buhunsa. Da ita ɗa da ke aikin soja a nesa ya ke aiko wa uwarsa kuɗi, ta je wurin mai POS ta karɓa. A farkon 2023, lokacin da takardun naira suka yi wuya sabo da canjin kuɗi, wanda ba sabis a garinsu ko gishiri ya gagare shi saye, ko da kuwa asusunsa cike ya ke.

Akwai kuma abin da ya fi ciniki nauyi. Kanya tana cikin Ƙaramar Hukumar Danko/Wasagu, wadda ta yi iyaka da Jihar Zamfara da Jihar Neja, ƙasar da ta sha wahalar 'yan bindiga. Jama'ar garin ba za su manta da ranar 8 ga Maris 2022 ba, sa'ad da aka kai wa ayarin Mataimakin Gwamnan Kebbi na lokacin, Sama'ila Yombe Dabai, hari a nan Kanya, jami'an tsaro 19 suka rasa rayukansu. A irin wannan wuri kira ɗaya da ya shiga a kan kari ya kan zama tsakanin mutuwa da rayuwa. Maƙwabta kuma sun ga yadda zama ba waya ya ke. A watan Satumba 2021 aka rufe sabis a Jihar Zamfara baki ɗaya bisa roƙon Gwamnatin Jihar, domin yaƙi da 'yan bindiga, daga baya abin ya shafi waɗansu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Wannan umurnin hukuma ne, ba sakacin kamfani ba, amma ya nuna abin da ke biyo baya: mutane suka riƙa hawa mota zuwa waɗansu garuruwa domin kawai su buga waya ko su karɓi kuɗi.

YADDA MAGANA TA KE TAFIYA

Kafin a san mai laifi ya kamata a san yadda abin ya ke aiki. In mutum ya buga waya, muryarsa ba ta tashi kai tsaye zuwa wayar wanda ya kira. Tana zuwa ga dogon ƙarfen nan da a ke kafawa a bakin gari, wanda jama'a ke kira ƙarfen sabis. Daga nan a miƙa ta ga wani ƙarfe na gaba ta cikin iska, ta hanyar farantan nan masu kama da ganga da a ke ɗaurewa a jikin ƙarfen, ko kuwa ta bi wayar da a ke binnewa a gefen hanya, mai zaren gilashi a cikinta, wadda a ke ce wa faiba. Haka za ta yi ta tafiya har babbar cibiyar kamfanin a birni, sa'an nan a juyo da ita zuwa ƙarfen da ke kusa da wanda a ke nema. Duk wannan kafin ƙiftawar ido.

Abu biyu ne mai sauraro zai riƙe daga wannan bayani. Na farko, kowane ƙarfe yana cin wuta dare da rana, in wuta ta yanke masa na minti ɗaya ya mutu na minti ɗaya. Na biyu, ƙarafan karkara sau da yawa a jere su ke kamar raƙuman ayari, na baya yana riƙe da na gaba. In na tsakiya ya faɗi, duk waɗanda ke bayansa sun yi shiru, ko da injinsu yana ruri. Shi ya sa mutum ya kan ga fitilar ƙarfen garinsu tana ci amma wayarsa ba sabis. Ƙasar Zuru kuwa ƙasar duwatsu ce, dutse yana tare sabis, sabo da haka ƙauyen da ƙarfensa ya mutu da wuya ya samu aro daga na maƙwabta.

MAGANAR WUTA

Madatsar ruwan Kainji, wadda aka gama a 1968, ba ta da nisa da Jihar Kebbi, kuma daga can ne babban layin wuta ya tashi zuwa Birnin Kebbi. Duk da haka ba wanda zai ce ɗaukewar wuta baƙuwa ce a nan. A watan Satumba 2023 gobara ta cinye manyan taransifoma a tashar rarraba wuta ta Birnin Kebbi, duhu ya rufe Kebbi da Sakkwato da Zamfara. A 2024 babban layin wuta na ƙasa ya durƙushe har sau 12, kuma a watan Oktoba na shekarar yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu. A watan Afrilu 2025, da kuma watan Mayu, iska ta kayar da turakun layin Kainji zuwa Birnin Kebbi a ƙasar Shanga. Ƙauyuka masu yawa kuma ko turken wuta ba a taɓa kafa musu ba.

Kamfanonin waya sun san wannan tun ranar da suka karɓi lasin. Sabo da haka tun farko ba su dogara ga wutar Gwamnati ba. A gindin kowane ƙarfe a kan ajiye injin wuta mai shan man dizal, da batura waɗanda za su riƙe aiki in injin ya tsaya, a waɗansu wurare kuma da farantan da ke zuƙar hasken rana. Ƙungiyar kamfanonin ta sha faɗa cewa man dizal da ƙarafan ƙasar nan ke sha ya kai lita miliyan 40 kowane wata.

To, ashe in sabis ya tafi a Kanya ranar da wuta ta ɗauke, tambayar da ta kamata a yi ita ce: ina injin, ina batura? Ko dai mai ya ƙare ba a kawo ba, ko injin ya lalace ba a gyara ba, ko batura sun tsufa ba a sake ba, ko kuwa ɓarayi sun kwashe su ba a mayar ba. Kowanne daga cikin waɗannan yana da wanda aka ɗora wa kula da shi, kuma ana biyansa.

MAGANAR HADARI

Hadari yana da hanyoyinsa na ɓarna, kuma duk sanannu ne ga injiniyoyi. Iska mai ƙarfi ta kan karkatar da farantin da ke duban ƙarfe na gaba, in ya kauce ko kaɗan magana ta yanke. Ruwa mai yawa ya kan raunana saƙon da ke bi ta iska har sai ya tsagaita. Aradu ta kan faɗa wa ƙarfe, tun da ya fi kome tsawo a gari, in kuwa wayar da aka ja daga ƙoƙonsa zuwa cikin ƙasa ta tsinke ko an sace ta, sai na'urori su ƙone. Zaizayar ƙasa ta kan tone faiba ta tsinka ta. Wanda ya fi duka wahalar da karkara shi ne yankewar hanya: rafi ya cika, kwalbati ya karye, motar mai ta tsaya a ƙetare, injin ya shanye abin da ke cikin tanki ya mutu.

Damina a ƙasar Zuru ta kan fara wajen watan Afrilu ta kai Oktoba. Iska ta fi muni a farkonta, ruwa ya fi yawa a Agusta da Satumba. Ba shekarar da ta taɓa zuwa ba tare da waɗannan watanni ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kamfanin da ya jira sai rafi ya cika kafin ya tuna da man injin Kanya ya fafe gorarsa ranar tafiya.

ALHAKIN NA WANE NE?

Dokar Sadarwa ta 2003 ita ce ta ba NCC ikon ba da lasin, da ƙayyade ingancin aikin da kamfani zai yi, da hukunta wanda ya gaza. Lasin amana ce. Iskar da saƙo ke bi ta cikinta dukiyar ƙasa ce, an ba kamfani aronta bisa sharaɗin zai yi wa jama'a aiki. Mai sayen kati kuma ya biya tun kafin a yi masa aikin, bashi ke nan a kan kamfani. Ba a rubuta a jikin kati cewa na rani ne kaɗai ba.

Hukuma ta taɓa nuna cewa wannan magana ba ta baki ba ce kawai. A watan Mayu 2012 ta ci manyan kamfanoni huɗu tarar naira miliyan 1,170 sabo da rashin ingancin aiki. A 2014 ta sake cin uku daga cikinsu tarar naira miliyan 647.5, ta kuma hana su sayar da sababbin layuka har wata guda. A watan Janairu 2025, da ta yarda a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100, ta ce lalle ƙarin ya zo da gyaran aiki. Mutumin Kanya yana biyan wannan ƙari daidai da mutumin Abuja, ba a rage masa ko kwabo ba.

Akwai wani abu da ke rikitar da mutane. Tun wajen 2014 manyan kamfanonin waya suka sayar da dubban ƙarafansu ga waɗansu kamfanoni dabam, kamar IHS da American Tower, suka koma haya. Waɗannan su ne ke zuba mai, su gyara injin, su ajiye mai gadi. Sabo da haka a kan ga ƙarfe ɗaya yana ɗauke da kayan kamfani biyu ko uku, in ya mutu duka su mutu tare. A watan Agusta 2025 wata rigima ta tashi tsakanin masu dakon mai da ɗaya daga cikin kamfanonin ƙarafan, aka tare hanyar ɗaukar dizal a waɗansu ma'ajiyai, har ƙungiyar kamfanonin waya ta yi gargaɗi cewa ƙarafa 16,000 za su iya tsayawa. Wannan ya nuna yadda sabis na miliyoyin mutane ya ke rataye da tankar mai. Amma duk wannan ba ya sauke nauyi daga kan wanda ya sayar da layi. Wanda ya ba ɗan dako kaya, in kayan suka ɓata, shi zai amsa wa mai su, sa'an nan ya je ya nemi ɗan dakonsa.

ABIN DA YA KAMATA KAMFANI YA TANADA

1. Batura masu rai a kowane ƙarfe, waɗanda a ke gwadawa kafin damina, a san awa nawa za su riƙe, a sake waɗanda suka gaji.

2. A cika tankunan mai na ƙarafan da hanyarsu ke yankewa tun kafin watan Agusta, a kuma ƙara musu farantan hasken rana domin man ya daɗe.

3. A ba ƙarfen da waɗansu ke rataye da shi hanya biyu ta kai saƙo, domin in ɗaya ta yanke ɗaya ta riƙe.

4. A duba ɗaurin farantai da wayar kare aradu kowace shekara da bazara.

5. A ajiye masu gyara da kayan gyara kusa, a Zuru ko Ribah, kada ya zama sai an jira mota daga Kaduna ko Sakkwato.

6. In abin ya fi ƙarfin kamfani ɗaya, ya yarda masu layinsa su hau ƙarfen abokin gasarsa har a gama gyara. Wannan ba baƙon abu ba ne, domin a 2025 NCC ta yarda masu layin 9mobile su riƙa hawa ƙarafan MTN. Abin da aka iya yi domin ciniki ana iya yinsa domin ceton rai.

7. A gaya wa jama'a gaskiya: abin da ya lalace, da ranar da a ke sa ran gyarawa.

ABIN DA YA FARU A WAƊANSU ƘASASHE

Wannan gardama ba a Nijeriya kaɗai a ke yinta ba. A 2005 guguwar Katrina ta afka wa kudancin Amurka, ƙarafan waya fiye da 1,000 suka daina aiki. A 2007 hukumar sadarwa ta can ta yi doka cewa kowane ƙarfe ya kasance da wutar ajiya ta awa 8. Kamfanoni suka kai ƙara, suka ce tsada ta yi yawa, dokar ba ta taɓa fara aiki ba. A 2017 wata guguwa mai suna Mariya ta faɗa wa tsibirin Fotoriko, ƙarfe 95 cikin kowane 100 suka mutu, mutane suka yi makonni ba su san halin da 'yan'uwansu ke ciki ba. A 2020 Jihar Kalifoniya, bayan gobarar daji ta yi mata ɓarna, ta tilasta wa kamfanoni su tanadi wutar ajiya ta awa 72 a wuraren da suka fi haɗari. A Ostareliya kuma, da sabis na kamfanin Optus ya yanke ranar 8 ga Nuwamba 2023, mutum fiye da 2,000 suka kasa samun lambar neman agaji, aka ci kamfanin tarar dalar ƙasar miliyan 12.

Darasin da ke cikin wannan a fili ya ke. Alkawarin da ba a ƙayyade shi da awa da kwana ba, ba a iya kama mai saɓa shi. Inda hukuma ta faɗi adadi ta tsaya a kansa, an ga gyara. Inda ta sassauta, guguwa ta gaba ta zo ta tarar da abin yadda ta bar shi.

UMURNIN 2025 DA ƘANANAN GARURUWA

A watan Mayu 2025 NCC ta ba da wani umurni da ya kamata kowa ya sani. In babbar yankewar sabis ta auku, lalle ne kamfani ya sanar da jama'a ta kafofin labarai, ya faɗi dalili, da wuraren da abin ya shafa, da lokacin da zai gyara. In shi ne zai yanke da kansa domin wani aiki, ya ba da sanarwa mako guda kafin ranar. In yankewar ta wuce awa 24, ya rama wa masu layi, kamar ta ƙara musu kwanakin da datarsu za ta yi kafin ta ƙone. Hukumar ta kuma buɗe shafi a intanet inda a ke jera irin waɗannan yankewa domin kowa ya gani.

Wannan ci gaba ne ƙwarai. Amma sai a lura da kalmar nan babba. Daga cikin ma'aunin da aka sa akwai cewa abin ya shafi kashi 5 cikin 100 na masu layin kamfanin, ko ƙananan hukumomi 5 ko fiye, ko ƙarafa 100, ko kuwa rukunin ƙarafa guda ya yi shiru na rabin awa. Masarautar Zuru duka ƙananan hukumomi 4 gare ta, watau Zuru da Danko/Wasagu da Fakai da Sakaba. Ƙarfe ɗaya na gari ɗaya kuwa zai iya kwana bakwai a mace bai kai ko ɗaya daga cikin waɗannan ma'aunai ba. A cikin lissafin kamfani mai ƙarafa dubbai, wannan ɗigo ne a kogi. Ga mutanen garin kuwa shi ne sabis ɗinsu gaba ɗaya. Nan ne hatsarin ƙaramin gari ya ke, a manta da shi ba don ƙiyayya ba, sai don bai shiga lissafi ba. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo, in bai faɗa ba mai gyara ba zai hau ba.

UZURIN KAMFANONI

Adalci ne a ji ta bakin ɗaya ɓangaren. Kamfanoni suna kuka da tsadar dizal da faɗuwar naira, tun da yawancin kayansu da dala a ke sayo su. Suna kuka da ɓarayin batura da na mai. Suna kuka da masu aikin hanya: NCC ta ce a 2024 an tsinka faiba fiye da sau 50,000, kuma yawanci wajen gina hanyoyi ne. Suna kuka da rashin tsaro, domin ba injiniyan da zai yarda ya bi hanyar da a ke sace mutane. Waɗannan koke-koke gaskiya ne. Har wa yau ƙarfen ƙauye ba ya kawo riba kamar na birni, shi ya sa dokar 2003 ta kafa asusu na musamman, wanda a ke kira USPF, domin tallafa wa kai sabis inda riba ba ta kai ba.

Sabo da haka Gwamnati ma tana da nata kaso: gyaran hanya da kwalbati, da rakiyar jami'an tsaro ga motar mai da masu gyara, da hana 'yan kwangila tona ƙasa ba su tambayi inda waya ta bi ba. A 2024 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a kan umurnin da ya sa kayan sadarwa cikin manyan kadarorin ƙasa, wanda ya lalata su da gangan yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 10. Amma uzuri yana bayyana dalilin wahala ne, ba ya yafe bashi. Wanda ya ci gaba da sayar da kati a gari ya yarda ke nan zai iya yi wa garin aiki.

ABIN DA YA RAGE GA JAMA'A

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abu na farko da a ke nema daga jama'a shi ne su ɗauki ƙarfen garinsu kamar rijiyar gari. Wanda ya sayi batirin sata ko man da aka zuƙe daga injin domin araha, shi ne ya kashe wayar da za a kira wa matarsa mota. Duk wanda ya ga ana taɓa kayan ya gaya wa Mai Unguwa ko 'yan sanda.

Na biyu, a riƙa kai ƙara, a kuma bi hanyarta. Da sabis ya dawo, mai layi ya kira 300, wadda ita ce lambar kula da masu layi ta kowane kamfani, ya faɗi kukansa, ya nemi lambar shaidar ƙarar ya rubuta. In ba a share masa hawaye ba ya kira 622, lambar NCC, kyauta ce. Lambar neman agajin gaggawa kuwa 112 ce, ya kamata kowane yaro ya haddace ta.

Na uku, kuma shi ne ya fi amfani, a buɗe littafi a ƙofar Dagaci. Duk ranar da sabis ya tafi, magatakarda ya rubuta kwanan wata, da awar da ya tafi, da awar da ya dawo, da sunan kamfanin, da ko an yi hadari ko ba a yi ba. In wani ya cutu sabo da rashin waya a rubuta. Ƙarshen damina a ɗauki littafin a kai wa Hakimi, daga nan ya wuce Ƙaramar Hukuma da wakilan jama'a a majalisa da NCC. Wanda ya je ofis ya ce sabis ɗinmu ba kyau, za a ba shi haƙuri ya koma gida. Wanda ya ajiye littafi a kan tebur mai nuna kwana kaza da awa kaza cikin wata kaza, dole a ba shi amsa.

Na huɗu, kowane gida ya yi nasa tanadi. In an ga hadari ya haɗo a cika waya da caji. In sabis ya yi rauni a aika rubutaccen saƙo, domin ya fi kira saurin wucewa. A taƙaita hira lokacin tashin hankali domin mai bukatar gaggawa ya samu hanya. Kada kowa ya fake a gindin ƙarfe ana tsawa. Kowace unguwa kuma ta san mai babur ko mai mota da za a buga wa ƙofa in waya ta ƙi, tun da dabarar da kakanni suka rayu da ita ba ta lalace ba.

KAMMALAWA

Taƙaitaccen abin da jawabin nan ya ƙunsa shi ne, ɗaukewar wuta da hadarin damina abubuwa ne da aka san da zuwansu, kamfanin da ya karɓi lasin kuma ya karɓi kuɗin jama'a wajibinsa ne ya yi musu shiri tun da rani. Hukuma wajibinta ne ta auna aikinsa har a ƙaramin gari, ta kuma buɗe masa hanya ya kai mai da masu gyara. Jama'a kuwa su tsare kayan, su rubuta abin da ya same su, su kai shi inda ya dace. In kowa ya riƙe nasa, daren da bango ya faɗi ko naƙuda ta zo da gardama, mai gida zai buga waya a ɗauka.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya zaunar da ƙasar Zuru lafiya, ya kiyaye jama'ar Kanya daga sharrin iska da na mutum. Amin.